Mölders 14, Galland 0

Jikana ne ya jawo mini wannan aiki. Babansa ya sayo masa irin jiragen robar nan da ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, a bi takarda a harhaɗa da gam, shi kuwa ya kwaso ya zube a gabana, don ya san tun da na ajiye aiki ba ni da wurin zuwa. Kwana uku muka yi a kai. Farfela ta karye sau biyu, gam ya manne mini babban yatsa da manuni har sai da aka kawo ruwan ɗumi. Da muka zo kan 'yan tambarin da ake jiƙawa a liƙa, sai na ga ba irin waɗanda na saba gani a jikin jiragen Jamus ba ne. Babu tambarin 'yan Nazi ko ɗaya. Baƙin da'ira ne a gefen ciki, da alamar X baƙa a kan farar wutsiya, sai wasu 'yan sanduna farare a jere kamar haƙoran mataji.

"Kaka, waɗannan fa na mene ne?"

Na ce, "Abokina, kowace sanda jirgi guda ke nan da ya harbo."

Ya sa bakin tsinke ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗago ya ce, "To mutanen ciki fa?"

Na ce ya tashi ya je ya wanke hannu.

Shekara 31 na yi ina duba littattafan kuɗi na mutane, kuma cutar da aikin ya bar mini ita ce ba na iya ganin lamba in wuce. Sai na tambayi wa ya rubuta ta, wa ya sa hannu, kuma ina kishiyarta a ɗaya shafin. Kwalin ya ce jirgin Messerschmitt Bf 109 ne, na wani Werner Mölders, a Sifaniya, 1938. To me ya kai Bajamushe yaƙin basasar Sifaniya, har yake zana sanduna a wutsiya? Mako uku ke nan ina bin wannan zare, har uwargida ta fara tambaya ko jarrabawa zan zauna.

A watan Yulin 1936 ne wasu janar-janar na Sifaniya suka yi wa gwamnatin Jamhuriya tawaye. Sojojin Janar Franco, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, mafiya ƙwari suna can Maroko, ga teku a tsakani, ga shi yawancin jiragen ruwan yaƙi sun tsaya bayan gwamnati. Sai ya aika wa Hitila. 'Yan aiken suka same shi a Bayreuth ranar 25 ga Yuli, ya fito daga kallon wasan kiɗa, kuma a daren ya amince. Aka tura jiragen ɗaukar kaya Junkers 52 guda 20, da ƙananan jiragen yaƙi Heinkel 51 guda shida su yi musu rakiya. Kafin ƙarshen Oktoba an tsallakar da soja sama da 13,000 ta sama zuwa kudancin Sifaniya. A Nuwamba aka mai da abin cikakkiyar runduna mai suna Condor, sashen jiragen farautarta kuwa ana ce masa J/88. Duk sandunan da muke magana daga wannan sashe suka fito.

Rufa-rufar da aka yi ita ta fara ba ni dariya. Rukunin farko sun hau jirgin ruwa mai suna Usaramo daga Hamburg cikin kayan gida, wai 'yan yawon buɗe ido ne, suka sauka Cádiz ranar 6 ga Agusta. Iyalansu ba su da izinin cewa ga inda suke, wasiƙa ma sai a rubuta wa wani "Max Winkler" a Berlin, daga can a san yadda za a yi da ita. Duk wannan kuma wakilin Jamus yana zaune a Landan, a kwamitin ƙasashen da suka yi alkawarin ba za su tsoma baki a yaƙin ba. A aikina na sha kama sunaye a takardar albashi babu mutanen. Nan kuwa ga mutanen suna ta aiki, sunayen ne babu.

Da farko an ce su koyar da 'yan Sifaniya kawai. Ba a jima ba ɗaliban suka farfasa wasu daga cikin jiragen shidan, malamai suka ce a ba su wuri. Ranar 25 ga Agustan 1936 Hannes Trautloft da Kraft Eberhardt kowannensu ya kakkaɓo jirgi ƙirar Breguet 19, tsohon yayi mai tafiyar hawainiya. Su ne layin farko a littafin. Bayan kwana biyar aka harbo Trautloft ɗin kansa, ya diro da lema sanye da kayan wasan tanis.

Daɗin bai daɗe ba. Da kaka ta yi sai ga jiragen Tarayyar Sobiyet sun iso wa Jamhuriya, da matuƙansu. Akwai Polikarpov I-15, wanda 'yan Sifaniya suka laƙaba wa Chato saboda dunƙulallen hancinsa. Akwai kuma I-16, gajere mai kauri, mai naɗe tayoyinsa idan ya tashi. Masu shi suna ce masa Mosca, wato ƙuda, abokan gaba suna ce masa Rata, wato ɓera. Heinkel 51 mai fukafukai hawa biyu da bindiga biyu ya zama abin tausayi a gabansu. Ko jirgin jefa bam na Rasha, SB, ba ya iya cim masa a gudu, balle ya harbe shi. Eberhardt ya mutu a samaniyar Madrid ranar 13 ga Nuwamba, yana da bakwai a lissafinsa. Daga ƙarshe manya suka ce tun da Heinkel ba ya iya faɗa a sama, ya sauko ya riƙa aiki a kan abin da ke ƙasa. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Karen bana shi ke maganin zomon bana. A farkon 1937 aka kawo Bf 109, wannan dai da ya manne mini yatsu, kuma ranar 6 ga Afrilu Günther Lützow ya harbo Chato da shi, karo na farko ke nan da wannan ƙira ta ci wani a yaƙi. Ba wai ba ya taɓuwa ba ne. A watan Yuli, lokacin gumurzun Brunete kusa da Madrid, wani Ba'amurke ɗan haya mai suna Frank Tinker ya kakkaɓo guda da I-16. Amma daga nan ma'auni ya fara rinjaya, bai kuma dawo ba.

Ga yadda saman jadawalin yake: Mölders 14, Wolfgang Schellmann 12, Harro Harder 11, Peter Boddem 10. A bayansu akwai 'yan tara-tara irin su Otto Bertram da Reinhard Seiler. Wilhelm Balthasar yana da bakwai, huɗu daga ciki a rana guda ya same su, 7 ga Fabrairun 1938, cikin kamar minti shida, dukkansu jiragen jefa bam. Jimillar abin da J/88 ta rubuta wa kanta ya haura 300.

Mölders ɗin nan mutum ne mai ban sha'awa, ba zan ɓoye ba. Da ya fara neman aikin tuƙi, likitoci sun ce bai dace ba, don da an juya shi a kujerar gwaji sai jiri da amai. Ya nace har aka ɗauke shi. Ya isa Sifaniya a Afrilun 1938, ya yi harbinsa na farko ranar 15 ga Yuli, na ƙarshe ranar 3 ga Nuwamba. Wato 14 ɗin nan duka cikin ƙasa da wata huɗu ya tara su, akasari a lokacin yaƙin kogin Ebro. Yana ɗan shekara 25, amma daga baya yaransa Vati suke ce masa, wato Baba, saboda yadda yake zaunar da sabon matuƙi ya koya masa yadda zai dawo da rai.

Ni a ganina ribar da Jamus ta kwasa daga hannunsa ba 14 ɗin ba ce. A wancan zamani jiragen farauta uku-uku suke tashi, a matse, shugaba a gaba, biyu a gefe kamar kan kibiya. Kyau a faretin, amma na gefen nan idonsu yana kan fiffiken shugaba kada su yi karo, ba mai duban bayansa. Lützow ya fara, Mölders ya ƙarasa ya rubuta: a tashi biyu-biyu, tsakani kamar mita 200, ɗaya ya yi farauta ɗaya ya tsare masa ƙeya. Biyu-biyun nan idan suka haɗu suka zama huɗu, sai su jeru ba daidai ba. Na nuna wa jikana da hannuna na dama: ka miƙe yatsu huɗu ban da babban, ka dubi kawunansu. Na tsakiya shugaba, manuni mai tsaronsa, sauran biyun su ne tagwaye na biyu. Kowa yana ganin sama, kowa yana ganin bayan ɗan'uwansa. Sojan saman Finland sun riga su gano irin wannan, amma Jamusawa ne suka gwada shi da jini, a ƙasar wasu. A 1940 Turawan Ingila suna nan da uku-ukunsu, sai da suka binne matuƙa da yawa kafin su kwaikwaya.

Yanzu bari in sa tabarau na aiki.

Ta yaya sanda take hawa wutsiya? Matuƙi zai rubuta rahoto: rana, sa'a, wuri, irin jirgin, yadda ya faɗi. Sai a nemi shaida, ko wani matuƙi da ya gani daga sama, ko wani a ƙasa. Ba a raba nasara biyu. Jirgi ɗaya, mutum ɗaya. In babu shaida, a ajiye ta a gefe a matsayin wadda ba a tabbatar ba. A takarda tsarin ya yi kyau, ya fi na ƙasashe da dama tsauri. Amma abu na farko da nake ja wa jan layi a kowane ofis shi ne inda mai sa maka hannu yau kai za ka sa masa gobe. Shaidar matuƙi abokin tashinsa ne, ɗakinsu ɗaya, teburin cin abincinsu ɗaya.

Ban ce maƙaryata ba ne. Mutum yana gudun sama da kilomita 400 a sa'a, rana a idonsa, wani yana bin bayansa da bindiga. Ya yi harbi, ya ga hayaƙi, ya ga jirgi ya sunkuya ƙasa. Ba shi da sukunin bin sa ya ga inda ya ƙare. Alhali injin da aka taka wa wuta farat ɗaya yakan yi baƙin hayaƙi, kuma sunkuyawa ita ce dabarar tsira ta kowane matuƙi. Sau da yawa wanda aka rubuta ya mutu yana can ya sauka a filinsu ana toshe masa ramukan harsashi. Wani lokacin kuma mutum biyu su harbi jirgi guda, kowa ya tafi da nasa a zuciya. Haka Italiyawa suka yi, haka Rashawa, haka 'yan Sifaniya na ɓangarorin biyu; kowa ya rubuta fiye da abin da abokin gaba ya rasa. Ko a tsakanin littattafan da ke lissafa Jamusawan ma ba a daidaita ba: Herbert Ihlefeld wani wuri bakwai, wani wuri tara, Walter Oesau nan takwas, can tara.

Sannan jadawalin yana jera lambobi kamar duk kuɗi ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne. Bakwai ɗin Eberhardt a cikin Heinkel ya same su, a 1936. Goma sha huɗun Mölders a 1938 ne, a jirgin da ya fi na kowa, lokacin da ƙwararrun Rashawa suka fara komawa gida, aka bar samarin Sifaniya da suka yi 'yan watanni suna koyon tuƙi a Kirovabad ta Tarayyar Sobiyet, ga kayan gyara sun yi wuya saboda Faransa ta sake rufe iyakarta. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a shafi guda bai yi bayani ba, da ni ne da na mayar masa da fayil ɗinsa.

Duk wannan ƙananan kurakurai ne. Babban ramin yana wurin wani suna da ba ya cikin jadawalin sam.

Adolf Galland ya isa Sifaniya a watan Mayun 1937, ya shugabanci rukuni na uku na J/88, wanda Mölders ya gada daga hannunsa bayan shekara guda. Ya tashi aiki kusan sau 300. Labarinsa ya cika littattafai: sigari mai kauri a baki, gajeren wandon wanka saboda zafi, hoton Mickey Mouse a jikin jirgi. Jirgi nawa ya harbo a Sifaniya? Ko ɗaya. Wutsiyarsa fes. Dalili kuwa shi ne rukuninsa ne aka bar wa tsofaffin Heinkel ɗin nan da aka ce su sauko ƙasa. Aikinsu su bi ramukan soja da hanyoyi da motoci a Asturias da Teruel, su yi ƙasa-ƙasa har suna ganin fuskokin mutane, su saki ƙananan bama-bamai, su bi da bindiga mai jigida. Har dabara suka ƙirƙiro ta ɗaura bam a jikin tankin mai su sako shi ya kama da wuta. Da aka koma gida, lambar girmar da aka ba Mölders, Gicciyen Sifaniya na zinariya mai lu'ulu'u, ita aka ba Galland. Manyansu sun san abin da sifilin nan ya ƙunsa. Jadawalin ne bai sani ba.

Sai Guernica. In yi adalci, Galland bai iso ba tukuna, Mölders kuwa sai bayan shekara. Amma J/88 tana nan. Ranar Litinin 26 ga Afrilun 1937, ranar kasuwar garin, jiragen Jamus da na Italiya suka yi kusan sa'a uku suna zuba bama-bamai masu fashewa da masu ƙonawa a kan wannan ƙaramin gari na ƙabilar Basque. Jiragen farauta kuma suka bi hanyoyin fita suna harbin masu gudu. Gwamnatin Basque ta ce mutum 1,654 suka mutu. Masu bincike na baya da yawa sun ce 'yan ɗaruruwa ne, wasu kuma har yau suna kan adadi mai yawa. Ɓangaren Franco ma cewa suka yi mutanen garin ne suka cinna wa garinsu wuta.

A nan na ajiye biro na yi shiru. Jirgin da aka harbo, an san ranarsa, an san sa'arsa har da minti, an san ƙirarsa, ana jayayya a kan ko takwas ne ko tara. Mutanen da aka kashe a gari guda da yamma guda, tazarar da ke tsakanin masu ƙirga ta haura dubu. Ba wanda aka ce ya kawo shaida, ba fom ɗin cikawa.

Göring, shugaban sojan saman Hitila, da bakinsa ya faɗa a kotun Nuremberg da ta yi wa manyan 'yan Nazi shari'a a 1946 cewa cikin dalilansa na matsa wa Hitila a shiga yaƙin har da son gwada sabuwar rundunarsa ta sama. Sifaniya ce zakaran gwajin dafi. Shi ya sa ake sauya matuƙan bayan 'yan watanni, don kowa ya ɗanɗana. Jamusawa wajen 19,000 ne suka ratsa ta can, kusan 300 ba su dawo ba. Jirage 72 abokan gaba suka kakkaɓo musu, 160 kuwa haɗari ne ya ci su, wanda shi ma ba a zana masa sanda. Kuma ba kyauta aka yi wa Franco ba. An kafa kamfanoni biyu, HISMA da ROWAK, suna kwasar tama da sauran ma'adinai zuwa masana'antun Jamus. Wannan shafin kam an rubuta shi tsaf.

Ranar 6 ga Yunin 1939 aka yi musu gagarumin fareti a Berlin. Mutanen da aka shekara uku ana rantsuwa ba sa Sifaniya, ga su nan da lambobi a ƙirji, yara na ɗauke da alluna masu sunayen waɗanda suka mutu. Boddem bai ga ranar ba, haɗarin jirgi ya kashe shi a watan Maris. Harder ya faɗa teku kusa da Ingila a Agustan 1940. Schellmann ya ɓace ranar 22 ga Yunin 1941, ranar farko ta mamayar Rasha. Balthasar ya bi bayansa cikin kwanaki, a watan Yuli. Mölders ya zama mutum na farko a duniya da aka rubuta wa jirgi 100, aka hana shi tashi yaƙi don kada a rasa shi, sai ya mutu a matsayin fasinja ranar 22 ga Nuwamban 1941 a Breslau, yana hanyar zuwa jana'iza. Galland mai sifili shi ya gaje kujerarsa ta babban jami'in jiragen farauta, ya rayu har 1996.

Su kansu Jamusawa lissafin ya daɗe yana damunsu. Jamus ta Yamma ta sa wa jirgin ruwan yaƙi da rundunar sama guda sunan Mölders. A 1997 shugaban ƙasa Roman Herzog ya aika wa mutanen Guernica saƙon amsa laifi, a 1998 majalisa ta ce kada a ƙara karrama 'yan Condor, a 2005 kuma ministan tsaro Peter Struck ya cire sunan daga rundunar. Tsofaffin matuƙa suka yi ca, suna cewa ai mutumin ba ya nan ranar Guernica. Gaskiyarsu ta nan. Amma wanda ya tsare sama don masu jefa bam su yi aikinsu a natse, ban ga yadda za a ware littafinsa daga nasu ba.

Mutum guda na samu da ya je neman ɗaya shafin da ƙafarsa, kuma ba Bajamushe ba ne. Ranar 6 ga Fabrairun 1939, yankin Kataloniya na gab da faɗuwa hannun Franco, mutane na ta kwarara zuwa Faransa, jiragen Bf 109 suka afka wa filin jirgi na Vilajuïga kusa da iyaka. Wani matashi mai suna José Falcó ya tashi da Chato ya tare su. Shi ya ce biyu ya harbo. Wanda aka tabbatar ya mutu a ranar shi ne Friedrich Windemuth. Jamusawa suka kafa masa dutse a bakin hanya, da sunansa. Falcó ya yi gudun hijira, ya zauna Aljeriya, daga baya Toulouse. Bayan shekaru da yawa ya dawo yankin ya ga dutsen, ya karanta ranar da ke jiki, ya gane aikin hannunsa ne. Tun daga nan yakan zo ya share ciyawar da ke kewaye ya ajiye furanni, har tsufa ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a 2014 yana da shekara 97.

Sandunan dai mun liƙa su, ɗaya ta ɗan karkace, na bar ta haka. Jirgin yana kan kabad, farfelarsa ba ta juyawa saboda yawan gam. Jikan nawa ya ce hutu mai zuwa Chato yake so, wai ya fi kyau tun da fukafukansa hawa biyu ne. Na duba, za mu nemi koren fenti da ja, wutsiyar kuma kala uku ce: ja, rawaya da shunayya.